Tambayoyi da amsoshi kan keto, kiton da magungunan roba da ake ta talla

Shekarun nan duk inda ka juya sai ka ji an ce ai wance ta shiga keto, wato tsarin cin abinci na barin sitaci a koma maiƙo da nama da ganye, ta daina cin tuwo, har kayanta sun fara yi mata yawa. Wasu kuma ko abincin ba su taɓa ba, sun tsallake kai tsaye zuwa sayen gari da ƙwayoyi masu sunan keto a jikin roba. Ni kaina na yi ta wata huɗu, shi ya sa a gidan biki da WhatsApp tambayoyi ba sa ƙarewa, to ga waɗanda aka fi yi min.

Wai mene ne ma kiton ɗin nan?

Ka ɗauka suga shi ne wutar NEPA a jikinka, kiton kuma janareto. Duk sitacin da ka ci, tuwo ne ko burodi ko doya, suga yake komawa a jini, jiki ya ƙona wanda zai ƙona ya adana sauran. Ajiyar da ke hanta ba ta da yawa, wajen giram 100 ce, yini guda ba ka ci komai ba ta kusa ƙarewa. Da ta yi ƙasa sai insulin, sinadarin da jiki ke yi don daidaita suga a jini, ya sauka, kitse ya fara narkewa yana zuwa hanta, hanta ta mai da shi wasu ƙananan sinadarai guda uku, su ake kira kiton. Ɗaya daga cikinsu asiton ne, irin wanda mata ke goge fentin farce da shi, ta numfashi yake fita, shi ne wannan warin bakin da masu keto ke fama da shi.

Amfaninsa babba a ƙwaƙwalwa yake. Ita ba ta iya ƙona kitse kai tsaye, kuma a rana tana shan suga wajen giram 120. A 1967 George Cahill da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka gwada masu ƙiba da suka yi sati biyar zuwa shida ba abinci sai ruwa, suka tarar fiye da rabin ƙarfin da ƙwaƙwalwarsu ke aiki da shi daga kiton yake zuwa. Kenan tanadi ne Allah Ya yi wa ɗan Adam don lokacin yunwa.

Turawa ne suka ƙirƙiro keto don rage ƙiba?

Turawa ne, amma ba don ƙiba ba, don farfaɗiya. Tun da daɗewa likitoci sun lura mai farfaɗiya in ya yi kwanaki bai ci ba faɗuwar tana raguwa, matsalar ba yadda za a yi ka hana yaro abinci har abada. A 1921 wani likita a asibitin Mayo Clinic, Russell Wilder, ya ce to a ba yaron maiƙo sosai a hana shi sitaci, jikinsa zai riƙa yin kiton kamar mai azumi alhali yana cin abinci. Shi ya raɗa mata suna. Da aka samu maganin farfaɗiya mai suna phenytoin a 1938 sai aka yi watsi da ita, sai a shekarun 1990 ta dawo bayan wani mai shirya fim ɗan Amurka, Jim Abrahams, ya kai ɗansa Charlie asibitin Johns Hopkins aka ɗora shi a kai ya samu lafiya, ya kafa gidauniya da sunan yaron a 1994. A 2008 an yi gwaji a Landan kan yara 145 da magani ya kasa, kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa abincin faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi, a cikin waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 6 ne kacal.

Ta asibiti fa ba irin tamu ba ce, da sikeli ake auna kowace loma, kusan kashi 90 na ƙarfin abincin daga maiƙo. In kina da yaro mai farfaɗiya don Allah kar ki gwada a gida. Ta rage ƙiba kuwa Dokta Robert Atkins ne ya yayata irinta tun 1972.

Sitaci nawa aka yarda in ci a rana?

Ƙasa da giram 50, masu tsanani ma 20 suke tsayawa. Don ka gane ƙanƙantar abun, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45, ayaba ɗaya matsakaiciya wajen 27, kwalbar lemo ɗaya ta haura 30, cokalin zuma babba 17. Malmalar tuwo guda irin wadda ake tuƙa wa maigida kuwa ta cinye kason yini har da na gobe. In ka riƙe haka, cikin kwana biyu zuwa huɗu kiton zai fara tashi.

To tuwon alkama da acha fa, ai an ce su ba sa ta da suga?

Wannan maganar ta yi wa mutane illa ba kaɗan ba. Na san dattijon da ya daina shinkafa ya koma alkama safe da dare, malmala biyu biyu, yana mamakin me ya sa sugansa ya ƙi sauka. Alkama sitaci ce, acha sitaci ce, gero da dawa da masara haka, ɗanyar agada haka. Wanda ba a surfe ba ya fi dusa kuma ya ɗan fi jinkirin shiga jini, wannan gaskiya ne, amma a lissafin keto duk sun fita. Zuma da dabino ma suga ne, albarkarsu ba ta hana mitar awon suga ta nuna su.

Me ya rage kenan a kasuwarmu?

Ya rage da yawa, sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Ƙwai, kifi, kaza, nama, kayan ciki, ganda, awara, cuku, man shanu, manja, man gyaɗa, man kwakwa, riɗi, agushi, gyaɗa daidai misali. Ganye kuwa sai wanda ka zaɓa, zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kabeji, latas, kuɓewa, gauta, kokwamba. Miyarmu kusan duk ta halatta, kuka, kuɓewa, agushi, abin da ake ci da ita ne matsalar. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli shi ya riƙe ni da rana, tsire ko balangu da kabeji da dare in an samu hali. A kula da kilishi, wasu suna zuba suga a labu. Kindirmo ma yana da nasa sugan na madara, kofi ɗaya wajen giram 12, wake kuma duk da amfaninsa sitacinsa ya yi wa keto yawa, wannan yana cikin abin da ya fi ba ni haushi da tsarin.

Akwai kuma tuwon kabeji. Uwargida ta yanka kabeji guda ta markaɗa, ta matse a ƙyalle har ya koma ɗan dunƙule kamar ƙwallon yara, ta ɗora a wuta ta barbaɗa garin siliyom, wata dusar 'ya'yan tsiro mai yauƙi, don ya kama jikinsa. Ya fito fari-fari kore-kore yana rawa a faranti, yara suka kewaye ni suna kallo kamar mai shan magani. Da miyar kuɓewa yana wucewa lafiya lau, amma duk wanda ya ce maka ɗanɗanonsa ɗaya da tuwon shinkafa bai ji tsoron Allah ba.

Na sauke kilo uku a satin farko, haka zan ci gaba?

A'a Hajiya, yawancinsa ruwa ne. Kowane giram na sugan da jiki ya adana yana riƙe da ruwa wajen giram uku, in ajiyar ta ƙare ruwan sai ya bi fitsari, shi ya sa kike ta zarya banɗaki. Kitsen gaske a hankali yake tafiya daga baya.

Kuma yana tafiya ɗin, ba ƙarya ba ne. Sirrin shi ne yunwa tana raguwa, nama da ƙwai suna riƙe ciki, ga shi an cire lemo da biskit da burodi da cincin a lokaci ɗaya, dole abin da ke shiga ciki ya ragu ko ba ka lissafa ba. Amma in aka ja lokaci bambancin da sauran hanyoyi ba shi da yawa. A 2018 jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon mutum 609 da aka bi shekara guda, rabi sun rage sitaci rabi sun rage maiƙo, duka an ce su bar suga su ci ganye, masu rage sitaci suka sauke wajen kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗan wani abu. Kusan kunnen doki. A cikin kowane ɓangare kuma akwai wanda ya zube sosai akwai wanda ya ƙara ma.

Kaina na ciwo, jikina ya mutu, lafiya kuwa?

Kwana na uku ni ma haka na tashi, kai kamar an ɗora min turmi, ina miƙewa daga sujada sai na ga duhu-duhu. Gishiri ne da ruwa suka fita, don in insulin ya sauka ƙoda tana sakin gishiri. Kofin romo mai ɗan gishiri da ruwa isasshe yakan gyara, cikin sati ɗaya zuwa biyu yana wucewa. Mai hawan jini kar ya ƙara gishiri da kansa, kuma ya riƙa awo, don jinin yakan sauka har maganin da yake sha ya yi masa yawa. Ba na ba kowa shawarar ya fara a zafin Afrilu. Sai taurin bayan gida, shi kam ganye da kuɓewa da ruwa ne maganinsa.

Ina da ciwon suga, in shiga?

Nan ne amfanin ya fi yawa, nan ne kuma haɗarin ya fi yawa. Mai nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya masu teɓa, in ya rage sitaci sugansa yana sauka tun kwanakin farko, har ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka a 2019 ta saka rage sitaci cikin hanyoyin da ta yarda da su. Matsalar magani ce. In kana allurar insulin ko kana shan glibenclamide ko gliclazide, an auna maka su ne daidai da tuwon da kake ci, ka cire tuwon ka bar maganin yadda yake, suga zai faɗi ƙasa warwas, gumi, rawar jiki, ruɗewa, wani sai dai a tsince shi a sume. Metformin shi kaɗai bai cika yin haka ba.

Akwai wasu sabbin magunguna masu fitar da suga ta fitsari, sunayensu na ƙarewa da gliflozin, irin dapagliflozin da empagliflozin. Waɗannan in aka haɗa su da keto suna iya jefa mutum cikin gubar kiton alhali mita tana nuna suga lafiya lau, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan illa tasu tun 2015. Ka ɗauki ledar magungunanka gaba ɗaya ka kai wa likitanka kafin ka canza ko loma ɗaya. Mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya yin insulin sam, ba ya taɓa wannan sai da ƙwararre a kansa.

Wani abu da ya kamata a sani, a 2017 an yi wani gwaji a Birtaniya ƙarƙashin Roy Taylor da Mike Lean, ba keto suka yi ba, abinci kawai aka rage sosai na wasu watanni, bayan shekara kashi 46 cikin ɗari sugansu ya koma daidai ba magani, cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Sauke kitsen da ya taru a hanta da ciki shi ne aikin, ta kowace hanya aka bi.

Likita ya ce kiton a fitsari haɗari ne, ku kuma kuna nemansa, wa za mu bi?

Duk biyun gaskiya ne, yawa ne ya bambanta. Mai lafiya da ke keto kiton ɗin jininsa yana tsakanin 0.5 zuwa 3 a mita, ɗan insulin ɗin da jikinsa ke yi yana taka masa birki. Wanda ba shi da insulin ba birki, kiton sai ya yi ta hawa har ya wuce 10, jini ya yi tsami, suga ma galibi ya haura 250. Alamominsa amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, numfashi mai zurfi da sauri, baki na warin 'ya'yan itacen da suka fara ruɓa. Wannan ba a kwana da shi a gida, ba a kai shi kemis, asibiti kai tsaye. Kuma likitoci sun daɗe da lura cewa a tsakanin baƙar fata akwai masu nau'i na biyu da ciwon ke fara bayyana da irin wannan gubar, don haka kar wani ya ce ai ni ba nau'i na ɗaya ne da ni ba.

Garin kiton da ake sayarwa fa, an ce ko ba ka bar tuwo ba zai ƙona kitse?

Wannan tambayar ita ta sa ni zaman rubutun nan. Kiton da ke jininka lokacin keto shaida ce cewa kitsenka na narkewa, kamar hayaƙi ne da ke nuna an hura wuta a madafa. Wanda ka sha daga roba mita za ta nuna shi, eh, na awa biyu ko uku, amma ba daga tumbinka ya fito ba, daga kamfani ya fito. Abin dariyar ma in jiki ya ga kiton ya yi yawa a jini sai ya rage narka nasa kitsen, ga kuma shi kansa garin abinci ne mai ƙarfi a ciki.

Iri biyu ne na gaske. Akwai na gishiri, wanda aka ɗaure kiton da sodiyom ko kalsiyom ko magniziyom, shi ya fi arha, kaɗan yake ɗaga kiton, kuma in ka sha da yawa gishirin ya yi wa mai hawan jini ko ciwon ƙoda yawa, ga murɗar ciki. Akwai kuma na ruwa mai ƙarfi da Kieran Clarke ta jami'ar Oxford da Richard Veech suka haɗa da kuɗin rundunar sojan Amurka, masu tseren keke a Turai suna sha, ɗaci kamar maɗaci ga tsadar tsiya, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan 'yan wasa wasu sun nuna ɗan amfani wasu ba komai wasu ma raguwa suka nuna.

Sauran tarkacen kuwa, wanda ake kira kiton na rasberi sinadarin ƙamshi ne, suna kawai ya tara da namu. Alewar keto mai taushi da ake tallarta da hotunan shahararrun mutane, sau da yawa su kansu ba su san an sa su ba. Man MCT da ake tacewa daga kwakwa shi kam yana ɗan ɗaga kiton da gaske, amma ka fara da ƙaramin cokali, in ka kurɓi babba a farko kar ka yi nisa da banɗaki.

Ai da lambar NAFDAC a jiki, kuma daga Amurka aka kawo

Juya robar ki karanta ƙananan rubutun. A kan irin waɗannan kayan za ki ga an rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba, lambar tana nufin an yi rajista ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, in ma lambar ta gaskiya ce. Amurka kuwa dokarsu ta 1994 ta ba kamfani damar fitar da irin waɗannan kasuwa ba tare da ya nuna wa hukuma yana aiki ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shayin rage ƙiba. An sha kama irinsu a ƙasashe da dama da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wata 'yar uwata ta saya a wajen wata mai talla ana saura wata ɗaya bikinta, kwana huɗu ba barci, zuciya na dukan uku uku, baki a bushe, da ta yi ƙorafi aka ce mata ai alamar yana aiki kenan. Mu da muke fama da masu shan ƙwayoyin ƙiba, yanzu ga na rama sun zo, kasuwa ɗaya ce ta canza riga.

Kenan ba wani ƙarin magani mai amfani ko ɗaya?

Akwai, amma ƙanana ne. Magniziyom yana taimakon wanda ya rasa shi, musamman mai ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. Garin siliyom yana sassauta ciki yana ɗan rage kolestarol. Berberine, wani sinadari da ake cirowa daga tsirrai, yana ɗan sauke suga a ƙananan gwaje-gwaje, sai dai yana karo da wasu magunguna kuma mai ciki ba ta sha. Bitamin D an gwada shi a 2019 kan mutum sama da 2,400 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Kirfa da khal da garin zogale a ci su a matsayin abinci, ba laifi, amma kar a ajiye maganin asibiti saboda su. Khal kuma a surka shi, tsuransa yana cin haƙori yana ta da gyambon ciki.

Duk wannan maiƙon ba zai toshe min jijiya ba?

Ya danganta da mutum da kuma irin maiƙon. Yawanci kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid yana sauka, kolestarol mai kyau ya ɗan hau, amma mummunan, LDL, a wasu yana tashi sosai, har da sirara masu motsa jiki. Ka yi gwaji kafin ka fara, ka sake bayan wata uku. In ya hau ka rage man shanu da kitsen nama da man kwakwa ka koma kifi, gyaɗa, riɗi, man zaitun. Mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda sai da izinin likita.

Azumin Ramadan ma keto ne?

Ɗan kaɗan wajen la'asar zuwa magariba, awa 13 ko 14 ba ta isa ta kwashe ajiyar hanta duka ba. Sai kuma a sha ruwa da kunu da ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo mai suga, kafin a tafi tarawi an cika tankin har ya zuba. Shi ya sa wasu ke fita azumi sun fi yadda suka shiga nauyi.

Su wa ba za su yi ba sam?

Mai ciki, mai shayarwa don an samu masu shayarwa da suka faɗa gubar kiton ba tare da ciwon suga ba, yara masu tasowa, mai ciwon hanta ko saifar suga, wato gaɓar da ke yin insulin, wanda aka cire wa matsarmama ko take da tsakuwa sai ya yi shawara, da duk wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci.

Kai me ya sa ka daina?

Kuɗi da zumunci. Kifi da ƙwai kullum ga mutum ɗaya a gidan da ake tuƙa tukunya ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma ranar da na je gaida Hajiyarmu ta ajiye min tuwon dawa da miyar kuka da man shanu na ce ina keto, kallon da ta yi min har yau ina tuna shi, wanke hannu kawai na yi. Sati biyu da dawowa tuwo kilo biyu suka dawo, ruwan nan ne na farko, sauran ba su dawo ba tukunna. Lemo dai ban koma ba, shayi ba suga, malmala ɗaya maimakon biyu, miya da ganye su fi yawa a kwano, bayan isha kuma in taka zuwa bakin titi in dawo. Tuwon kabeji kam uwargida ta ce ko na koma keto sai dai in tuƙa da kaina.